Yadda Ake Rubuta Yarjejeniyar Aiki a Sana'ar Share-share da Goge-goge

Masu ƙaramar sana'ar share-share da goge-goge, musamman matan da suka tara ma'aikata uku ko huɗu suna bin ofisoshi da gidaje da ɗakunan biki a Kano da Kaduna da Abuja, sun sha tambayata abin da ake rubutawa a takardar yarjejeniya da kuma inda ake farawa. Galibi ba a zuwa da tambayar sai bayan an sha wuya. Wata an riƙe mata cikon kuɗinta wai ba a wanke tankin ruwa ba, alhali ba a taɓa maganar tanki ba. Wani kuma an ɗora wa yaransa ɓatan waya, har da ofishin 'yan sanda.

Abin da na gani yana cinye ribar wannan sana'a shi ne kunya. Ana jin nauyin a ce wa Alhaji ko Hajiya "a rubuta", sai a tafi a kan "ba komai, ai mun saba". To sabo da kaza ba ya hana yanka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, don haka babu abin kunya a neman rubutu. Takardar da kake buƙata ba ta wuce shafi biyu ko uku ba, ga kuma yadda ake haɗa ta daki-daki.

1. Fara da takardunka

Kafin ka nemi wani ya sa maka hannu, ka zama kana da sunan da za a rubuta. Yi rajistar sunan sana'arka a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, ka karɓi lambar haraji ta TIN, ka buɗe asusun banki da sunan sana'ar. Gidaje ba sa tambayar waɗannan, amma makaranta ko asibiti ko kamfani ba za su tura kuɗi asusun mutum ba, akawunsu ba zai yarda ba.

Gargaɗi: rajistar sunan sana'a kaɗai ba ta raba ka da sana'ar a idon doka. In aka bi sana'ar bashi ko diyya, kai ake bi, har dukiyarka ta gida. Kamfani mai "Limited" ne yake tsayawa da ƙafarsa. Wannan ya sa mataki na 8, na ɓarna da ɓatan kaya, ya fi muhimmanci ga ƙaramin ɗan sana'a fiye da babba.

2. Zagaya wurin kafin ka buɗe baki da farashi

Kada ka yanka farashi ta waya, ko da an turo maka bidiyo. Ka je da ƙafarka, da littafi da biro da abin awo, kuma ka nemi wanda zai biya kuɗin ko wakilinsa ya zagaya tare da kai.

Ƙirga ɗakuna da banɗakuna da tagogi da fankoki. Duba ƙasa da kyau: tayil ne, ko marmara, ko tarazo, ko siminti, ko kafet? Kowanne da irin wankinsa da irin lokacin da yake ci. Buɗe famfo ka ga ko ruwa na zuwa. Ɗaga kai ka ga tsawon silin, don ka san ko tsaninka zai kai. Shiga banɗakin da ma'aikata ke amfani da shi, ba na manaja kaɗai ba, domin can ne ainihin aikin yake. Leƙa bayan gini ka ga kwata da inda ake zuba shara.

In wankin sabon gini ne, ka sa farce ka kankari fentin da ya ɗiga a tayil da simintin da ya daskare a bakin taga, ka ga yadda suke fita. Ka ga ko an ciccire ledar da ke manne a jikin gilashi da ƙofofi. Ledar da rana ta gasa wata da watanni ba ta fita da sauƙi, tana iya cinye wa mutum biyu wuni guda. Sannan ka tambaya ko masu fenti da masu wayarin sun gama. In ba su gama ba, za ka wanke su ɓata, a kira ka ka sake kyauta.

Duk abin da ka tarar a lalace, ɗauki hotonsa nan take: madubin da ya tsage, tayil ɗin da ya ɓare, murfin masai da ya karye, tabon da ya riga ya kama kujera. Tura hotunan ga mai ba da aikin ta WhatsApp a ranar, da ɗan bayani a ƙasan kowanne. Dokar shaida ta 2011 ta yarda a gabatar da irin waɗannan saƙonni a kotu in an cika sharuɗɗan sashe na 84, amma tun kafin a kai ga kotu, hoton da ke ɗauke da kwanan wata yana kashe musu.

3. Rubuta su wa ke ƙulla yarjejeniyar

A saman takarda a sa kwanan wata, sunan sana'arka da lambar rajistarta da adireshi, sannan cikakken sunan mai ba da aiki da adireshin wurin da za a yi aikin. In ofishi ne, sunan ofishin za a rubuta, tare da suna da muƙamin wanda zai sa hannu a madadinsa.

Gargaɗi: wanda ya kira ka ba lallai shi ne mai biya ba. Sau da yawa sakatare ne ko ɗan'uwan mai gida ko dillali ya nemo ka. Tambaya kai tsaye wa ke amincewa da fitar kuɗi, kuma shi ko wanda ya wakilta a rubuce ne zai sa hannu. A nan kuma a rubuta mutum ɗaya tak da zai riƙa ba ka umarni. Ofishin da kowa ke iya aiken ma'aikaciyarka sayen abinci ko wanke masa kwano, aikinka ba zai taɓa kammaluwa a cikinsa ba, kuma kai za a zarga.

4. Jera aikin, ka jera abin da ba ya ciki

Nan ne zuciyar takardar, nan ne kuma aka fi yin sakaci. Kalmar "tsabtace ofis" ba ta nufin komai. A wurinka shara ce da mofa da banɗaki, a wurin mai ba da aiki ta haɗa da wankin mota da cire ciyawa.

Raba aikin gida uku. Na kullum: share ɗakuna da goge su da mofa, goge tebura, kwashe kwandunan shara, wanke banɗakuna, a kuma faɗi sau nawa a rana. Na mako-mako: goge tagogi ta ciki, cire yana, goge fankoki da ƙofofi. Na wata-wata ko bayan wata uku: wankin tayil da buroshi, gilasai ta waje, wanke firij. Kowane layi ya zo da adadi. "Banɗaki 4, sau 2 a rana" ya fi "kula da banɗakuna" amfani nesa ba kusa ba.

Bayan wannan sai ka buɗe wani sashe ka rubuta masa kai: ayyukan da ba sa cikin wannan farashi. Ga waɗanda aka fi rigima a kansu: wankin kafet da kujerun kushin, wankin labule, wanke tankin ruwa, yashe kwata, kwashe ɓaraguzan gini, wanke-wanken kwanuka bayan taro, wanki da guga, wankin mota, yankan ciyawa, feshin maganin ƙwari, da aike. Ba cewa ake ba za ka yi su ba. Cewa ake in ana so, da kuɗinsu daban. Ka rufe sashen da jimla irin wannan: "Duk aikin da ba a lissafa a sama ba, ƙarin aiki ne. Ba za a fara shi ba sai an amince da farashinsa a rubuce, ko da ta saƙon waya ne."

Wannan jimla ce ke ba ma'aikaciyarka bakin magana ranar da aka ce mata "ɗan taimaka ki haɗa da nan". Ba sai ta yi gardama da Hajiya ba, ta ce a yi haƙuri a kira ofis. Ni ina ganin kyautatawa tana da kyau a sana'a, ka ƙara wa abokin hulɗarka ɗan aiki kyauta lokaci-lokaci. Amma ya zama kai ka ga dama, kuma ya san kyauta ce, domin abin da aka yi sau uku ba a ce komai ba, a na huɗu ya zama dole.

Gargaɗi: feshin maganin ƙwari aiki ne na masu lasisi daga majalisar kula da lafiyar muhalli ta ƙasa, EHCON. Kada ka sa shi a takardarka in ba ka da izini. In kuma asibiti ne, a rubuta ƙarara cewa allurai da auduga mai jini da sauran sharar magani ba ma'aikatanka ne za su taɓa su ba, sai in an horar da su an ba su kayan kariya.

5. Ranaku, awanni da makulli

Rubuta ranakun aiki da lokacin shiga da na fita. Yawancin ofisoshi sun fi son a gama kafin ƙarfe 8 na safe, wato sai ma'aikatanka sun baro gida da duku-duku, kuma hakan yana shafar kuɗin motarsu. A faɗi yadda za a yi ranar Juma'a, da watan azumi, da hutun Sallah da Kirsimeti da sauran ranakun hutun gwamnati. A Kano da wasu jihohi ana taƙaita zirga-zirga da safiyar Asabar ta ƙarshen wata saboda tsabtar muhalli, don haka kada ka yi alkawarin aikin sassafe a wannan rana.

In gida ne, a rubuta ko mata kaɗai ake so su shiga cikin gida, da ɗakunan da ba a shiga sam. In ma'aikatanka suka zo suka tarar da wuri a kulle ba tare da an sanar da kai tun jiya ba, a rubuta cewa ranar ta shiga lissafi, domin ka riga ka biya kuɗin mota da ladan ranar.

Makulli kuwa, shawarata ka guje wa riƙe shi in da hali, a bar maigadi ya buɗe ya rufe. In dole ne, a rubuta makullai nawa aka ba ka, na waɗanne ƙofofi, da sunan wanda zai riƙe.

6. Wa zai kawo kaya, ruwa da wuta?

Tsintsiya, mofa, bokiti, tsumma, buroshi, safar hannu, omo, sabulun ruwa, Hypo, Harpic, Izal, ledar shara: a rubuta wanda zai saya. Ya fi kyau kayan wanki su zama naka, ka sa kuɗinsu a farashi, don kada aiki ya tsaya ana jiran a sayo omo. Amma abubuwan da mutanen wurin ke ƙarar da su da kansu, kamar tishu da sabulun wanke hannu da turaren ɗaki, ka bar wa mai ba da aiki. Ba ka da iko a kan yawan amfani da su.

Ruwa shi ne abin da sababbi ke mantawa. A rubuta cewa mai ba da aiki ne zai samar da ruwa, in famfo ya ɗauke ko injin rijiyar burtsatse ya lalace, shi zai biya 'yan garuwa ko tanka. Haka wuta: in aikin na buƙatar injin zuƙar ƙura ko injin wankin tayil, a faɗi wanda zai sa man janareta.

Gargaɗi biyu a nan. Kada a taɓa haɗa bilic irin su Hypo ko Jik da maganin wankin masai mai asid irin Harpic. Haɗin yana fitar da iskar kulorin, kuma a ƙaramin banɗaki mara taga tana iya shaƙe mutum. Na biyu, asid yana cinye marmara da tarazo, ya bar tabo fari da ba ya gogewa. In mai ba da aiki ya dage sai an yi amfani da wani magani nasa, ya rubuta maka hakan, abin da ya biyo baya ya zama nasa.

7. Farashi da yadda za a biya

Kada ka fara da tambayar nawa wasu ke karɓa. Fara da nawa aikin zai ci maka. Ga misali kawai don ka ga tsarin lissafin, ka sa naka adadin daidai da kasuwar garinku. Ofishi ne mai buƙatar ma'aikata 2, kwana 5 a mako. Albashinsu a naira 70,000 kowacce ya kama 140,000. Kayan wanki 25,000. Zirga-zirgar duba aiki da kai kaya 20,000. Sabunta mofa da bokiti da kayan sawa 10,000. Ajiyar ko-ta-kwana, don biyan wadda za ta maye gurbin mara lafiya ko gyaran ƙaramar ɓarna, 15,000. Jimla 210,000. In ka ɗora ribar kashi 20 cikin ɗari, wato 42,000, farashinka ya zama 252,000 a wata. In aka taya 200,000 ka karɓa don kada aikin ya wuce ka, asarar 10,000 kake yi duk wata, ba ka ma lissafa wahalarka ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ka tuna da hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu teburin da aka goge da safe kafin azahar ya yi fari da ƙura, aiki yana ƙaruwa, ƙorafi ma yana ƙaruwa. Ko dai ka baza kuɗin wannan a kan watannin shekara, ko ka rubuta cewa guga sau ɗaya ce a rana, ta biyu da kuɗinta.

A takarda a rubuta kuɗin da lambobi da kuma kalmomi. Ga aikin yini ɗaya ko biyu, kamar wankin sabon gini ko ɗakin biki, ka karɓi kafin alƙalami da zai ɗauki nauyin kaya da ladan ma'aikata gaba ɗaya, yawanci rabi ko fiye, ciko kuma a ranar da aka gama, bayan an zagaya tare an sa hannu. Kada ka bar wurin a kan "gobe zan duba". Gobe an shigo da kaya, yara sun taka, ba mai iya rabe aikinka da ƙazantar da ta biyo baya.

Ga aikin wata-wata, a sa rana takamaimai. Ka miƙa takardar neman biya ranar 25, a biya kafin 5 ga wata mai kamawa, misali. Ma'aikatanka ba za su jira akawun wani ba, haƙƙinsu yana wuyanka ko an biya ka ko ba a biya ba, don haka kada ka ɗauki kwangilar wata-wata in ba ka da abin biyan albashin aƙalla wata ɗaya a hannu. Game da jinkirin biya, da yawa daga cikinmu ba ma sa tarar da ke ƙaruwa kullum saboda kamarta da kuɗin ruwa. Abin da ya fi aiki shi ne: "In kwana 7 suka wuce ba a biya ba, mai aiki yana da damar dakatar da aiki har sai an biya, kuma wannan ba karya yarjejeniya ba ne."

A rubuta lambar asusu ɗaya a takardar, a kuma rubuta cewa kuɗin da aka miƙa wa ma'aikaci a hannu ba ya cikin lissafi. Gargaɗi: hoton rasit ko saƙon alat ba kuɗi ba ne. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin ka ce an biya.

Sai haraji. VAT, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020, kuma an ɗauke wa ƙananan sana'o'i nauyin karɓarsa. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun fara aiki a Janairun 2026, saboda haka ka je ofishin haraji a tabbatar maka da rukunin da kake. A takarda dai a faɗa ko farashin ya haɗa da VAT ko bai haɗa ba. Kamfanoni da hukumomi kuma sukan cire wani kaso daga kuɗinka su miƙa wa hukumar haraji da sunanka. Tambayi kason tun kafin ka yanka farashi, ka kuma rubuta cewa za su ba ka takardar shaidar sun miƙa, domin da ita ake rage maka harajin shekara.

8. Ɓarna da ɓatan kaya

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganar nan tana da nauyi a baki, amma a yi ta tun ana dariya.

Game da ɓarna, ka ɗauki alhakin abin da ma'aikatanka suka lalata da sakacinsu, wannan shi ne adalci. Sai dai a sa masa iyaka. A rubuta cewa za a sanar da kai cikin awa 24 tare da hoto, kuma kana da zaɓin gyarawa ko sauyawa da irinsa ko biyan ƙimarsa ta yanzu, ba kuɗin sabo ba. A sa rufin abin da za ka iya biya, misali kada ya wuce kuɗin aikin wata ɗaya. In babu wannan rufi, talabijin ɗaya da ya faɗo daga bango zai iya cinye ribar rabin shekara. A cire abubuwan da ka ɗauki hotonsu a mataki na 2. A kuma hana mai ba da aiki cire kuɗin ɓarna daga kuɗinka da kansa kafin ku zauna.

Ɓatan kaya ya fi zafi, domin mutunci ne. Mai shara ce ake fara nunawa da yatsa duk lokacin da wani abu ya ɓata, ko da mutum ashirin sun shiga ɗakin a ranar. Yarinyar da ta baro gida da asuba don neman halal ɗinta ba ta cancanci a zazzage mata jaka a gaban mutane ba. Ka rubuta cewa kuɗi da gwala-gwalai da wayoyi da muhimman takardu, mai su ne zai kulle su. In wani abu ya ɓata, kai za a fara kira, a yi bincike kana wurin, kuma ba za a tsare ma'aikaci ko a caje shi ba sai kana nan, mace kuma mace ce za ta duba ta. A naka ɓangaren, ka yi alkawarin ba da cikakken haɗin kai, har ga 'yan sanda in ta kai ga haka, ka kuma hana ma'aikatanka shiga wurin aiki da manyan jakunkuna.

In ka fara samun manyan wurare, ka nemi kamfanin inshora ya ba ka farashin inshorar da ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani.

9. Ma'aikatanka

A rubuta cewa ma'aikatan naka ne: kai ke ɗaukarsu, kai ke biyansu, kai ke sallamarsu. In mai ba da aiki bai gamsu da wata ba, ya faɗa maka ka sauya ta.

Akwai abin da kusan kowa a sana'ar ya gani. Ka horar da yarinya ta gwanance, sai mai ba da aiki ya ja ta gefe ya ce ta riƙa zuwa kai tsaye, ya soke kwangilarka. Ba za ka hana mutum neman abincinsa ba, kuma bai kamata ba. Amma kana iya rubuta cewa in ya ɗauki ma'aikacinka lokacin yarjejeniyar ko cikin wata 6 bayanta, zai biya ka wani adadi madaidaici, kamar albashin wata biyu, a matsayin kuɗin horarwa.

Su ma ma'aikatan suna da haƙƙin takarda. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki. Karɓi lambar NIN ɗin kowa da mai tsaya masa wanda ka je ka ga gidansa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Dokar ba ta tilasta wa mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma wanda aka biya abin da bai isa kuɗin mota da abinci ba, ba zai daɗe ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi ga hukumar NSITF, wadda ke biyan diyya in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki. A sana'ar da ake hawa tsani a kan jiƙaƙƙen tayil, wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce. Kada kuma ka ɗauki ƙananan yara aiki, komai roƙon iyayensu.

10. Wa'adi, ƙarin kuɗi, rabuwa da saɓani

Fara da gwajin wata 1, in an gamsu a ɗora wata 6 ko shekara. Kada ka ɗaure kanka da farashi ɗaya na tsawon shekara ba tare da ƙofar gyara ba. Waɗanda suka yi haka kafin cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 sun ji a jikinsu, balle da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. A rubuta cewa za a sake duba farashi duk bayan wata 6, da sanarwar kwana 30.

Kowane ɓangare yana iya janyewa da sanarwar wata 1 a rubuce, ko biyan kuɗin watan a madadin sanarwa. A ware abubuwan da ke sa a rabu nan take: sata da ta tabbata, cin zarafi ko neman lalata da ma'aikaciya, da rashin biya na tsawon lokacin da kuka yanke. Ƙorafin rashin ingancin aiki kuma a kawo shi cikin awa 24, a ba ka dama ka sake aikin kyauta kafin a yi maganar rage kuɗi.

In saɓani ya taso, a rubuta matakansa: zama tsakaninku, sannan mai sulhu da kuka yarda da shi, sannan kotu. Jihohi irin su Legas da Kano da kuma Abuja suna da cibiyoyin sulhu a ƙarƙashin babbar kotu, akwai kuma kotunan ƙananan ƙararraki da ke sauraron bashin da bai yi yawa ba cikin hanzari, ba dole sai da lauya ba.

11. Sa hannu

Ku karanta takardar tare, layi-layi. Kowa ya sa hannu da kwanan wata a ƙarshe, ya kuma sa gajeren hannu a gindin kowane shafi don kada a sauya wani. Kowane ɓangare ya kawo shaida ɗaya. A yi kwafi biyu na asali, kowa ya riƙe ɗaya, kai kuma ka ɗauki hotonta ka adana a imel.

Gargaɗi: in takardar da Turanci take kuma ɗayanku bai iya karanta shi ba, dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba ta buƙaci a rubuta a jikinta cewa an karanta masa an fassara masa ya fahimta kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, tare da suna da adireshin wanda ya rubuta. In kuma kamfani ne ya miƙo maka tasa takardar, kada ka sa hannu a tsaye. Kai ta gida, ka nemi layin da ya yi maganar lokacin biya, domin wasu sukan sa kwana 60 ko 90, da layin da ya ɗora maka kowace irin asara ba iyaka. Ya dace ka biya lauya sau ɗaya ya duba maka takardarka ta asali, ya kuma faɗa maka ko tana buƙatar biyan harajin hatimi na gwamnati, daga nan sai ka riƙa sauya suna da farashi kawai.

12. Bayan an fara aiki

Ajiye littafi ko takarda a wurin aikin mai ɗauke da jerin ayyukan mataki na 4. Kullum ma'aikaciya ta yi alama a kan abin da ta yi, wakilin mai ba da aiki ya sa hannu aƙalla sau ɗaya a mako. Ranar da aka ce "watan nan ba a yi komai ba", wannan littafi za ka buɗe.

Duk sauyin da aka yi da baki, ka bi shi da saƙo a ranar: "Ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana ɗazu, daga Litinin za a ƙara ɗakin taro, kuɗin wata ya koma kaza. In haka ne a amsa mini." Kada a fara sabon aikin sai amsar ta zo. Ka sa wa kanka tunatarwa a waya saura wata 1 wa'adi ya cika, ka kai takardar sabuntawa da sabon farashi kafin tsohuwar ta ƙare.